Allon Kamfani, Jarin Ɗan Ruma

Ranar kasuwa a Batsari ko Safana, ido ba ya gajiya da karanta sunayen kamfanonin da hedikwatar yawancinsu take Legas. Ga lema rawaya mai tambarin MTN, ga shuɗin allon Moniepoint kusa da koren OPay, ga buhunan simintin Dangote da na BUA an jibge a bakin shago, ga takin Indorama, ga jan firijin Coca-Cola a kantin mai lemo. Amma da wuya a sami ɗaya daga cikin masu zaman waɗannan wurare da yake jiran albashi daga kamfanin da sunansa ke rataye a kansa. Shi ya kama hayar shago, shi ya zuba jari, shi ke biyan yara, kuma in kaya suka yi kwantai ko ɓarayi suka fasa shago, shi ke kwana da asara. Kamfani ya ba shi suna da kaya da sharuɗɗa, saura kuma ya rage nasa.

Tambayar da masana harkar kasuwanci suka daɗe suna muhawara a kanta ita ce: mutumin da yake ciniki da sunan wani, yana bin dokar wani, ɗan kasuwa ne mai dabarar kansa, ko kuwa yaron kamfani ne da aka ɗora wa nauyin jari?

Tsarin da ake kira faranchayis iri biyu ne. A na farko, kamfani yana ba dila kayansa da tambarinsa ya sayar a wani yanki, kamar gidan mai ko dilan siminti ko mai rarraba lemo. Wannan tsohon tsari ne. A 1899 kamfanin Coca-Cola ya sayar wa wasu lauyoyi biyu na garin Chattanooga a Amurka izinin ɗura lemonsa a kwalba a kan dala ɗaya tak, kuma a kan irin wannan izini ne Nigerian Bottling Company, wanda A. G. Leventis ya kafa a 1951, yake ɗura lemon da ake sha a Katsina yau. A na biyu, kamfani yana ba da tsarin sana'ar gaba ɗaya, tun daga fentin bango da rigar ma'aikata har zuwa minti nawa kaza za ta yi a cikin mai, shi kuma mai reshe yana biyan kuɗin shiga da wani kaso na cinikinsa. KFC da Domino's a manyan birane irin wannan suke. A ƙasar Ruma, wato yankin su Batsari da Safana, na farkon ne ya cika ko'ina, sai kuma wakilcin bankuna da ake yi da na'urar POS, wanda ya ɗebo wani abu daga kowannensu.

Masu ganin mai reshe ba ɗan kasuwa ba ne suna da hujja. Sun ce ai abin da ya saya da kuɗinsa shi ne hutu daga ƙirƙira: an riga an gwada kaya, an yi musu talla, jama'a sun san sunan, nasa kawai ya bi littafin ƙa'ida. Sai dai tarihin McDonald's, kamfanin da ya fi kowane shahara da tsaurin ƙa'ida, bai goyi bayansu ba. A 1962 wani mai reshe a Cincinnati, Lou Groen, ya lura cinikinsa yana mutuwa duk ranar Juma'a, saboda yawancin mutanen unguwarsa 'yan ɗarikar Katolika ne da ba sa cin nama a ranar. Ya haɗa burodi da soyayyen kifi. Shugaban kamfanin, Ray Kroc, bai so ba, domin yana da nasa tunanin na sa yankan abarba a madadin nama. Aka yarda a gwada duka biyun rana ɗaya, kifi ya yi wa abarba fintinkau, kuma har yau Filet-O-Fish yana cikin abincin kamfanin. Big Mac ma, wanda duniya ta fi sanin McDonald's da shi, wani mai reshe ne a jihar Pennsylvania, Jim Delligatti, ya ƙirƙiro shi a 1967, kamfani ya baza shi ko'ina a Amurka a 1968.

Abin lura a labarin Groen shi ne abin da ya sani wanda hedikwata ba ta sani ba: addinin maƙwabtansa da ranar da suke ƙaurace wa nama. Wani masani a jami'ar Harvard, Jeffrey Bradach, ya bibiyi manyan kamfanonin abinci na Amurka, ya fitar da littafi a 1998 inda ya nuna cewa kamfanonin sukan riƙe wasu rassa a hannunsu su bar wasu a hannun masu jari, kuma kowane ɓangare yana da amfaninsa. Manajan da kamfani ke biya yana bin umarni daidai, don haka a reshensa ake gwada sabon abu a auna shi. Mai jarin kansa kuwa yana gardama, yana kawo shawara, yana ƙin abin da ya ga ba zai karɓu a garinsa ba, domin aljihunsa ne zai ji a jika.

Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa wannan ba. Fataucin goro da na shanu an gina su ne a kan ubangida da yaransa: maigida ya ba da jari da sunansa, yaro ya tafi Gwanja ko Kurmi ya yi ciniki da hankalinsa, in ya yi gaskiya shekaru suka ja, a sallame shi ya zama maigidan kansa. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a kan Hausawan wurin a 1969, ya bayyana yadda ake ba mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, sunan maigida kaɗai ne jingina. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke hange, don masaƙun Lancashire ita suke buƙata, har sun kafa ƙungiyar bunƙasa nomanta. Fataken Kano da suka san lissafin manomi sun ga gyaɗa ta fi masa riba, ga shi in kasuwa ta faɗi zai iya cinye abarsa, ga harawa ga dabbobi. Suka shiga ƙauyuka suna raba kuɗi tun kafin kaka, gyaɗa ta cika tashar jirgi har ta rasa wurin ajiya. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Niger Company a 1918, kamfanin da daga baya ya narke cikin UAC. A takarda ejan ne na Turawa. A zahiri ya shimfiɗa nasa jerin wakilai da 'yan baranda, da nasa tsarin bashi, kuma lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Wanda duk ya ce wakilin kamfani ba ɗan kasuwa ba ne, sai ya fara bayanin Ɗantata tukuna.

A yau magajin wannan matsayi a Ruma, ko da yake a ƙaramin mataki, shi ne mai POS. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki a 2013, amma sana'ar ba ta yi ƙarfi ba sai da kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka shigo a wajajen 2018 da 2019 suna raba na'urori da araha. A yankin da reshen banki ya yi ƙaranci, inda cire kuɗi kan nufi tafiya Katsina ko Dutsin-Ma a kan hanyar da ba kullum take da aminci ba, teburin mai POS ya zama banki.

Kamfani ya ba shi na'ura da asusu da lambar waya ta kai ƙorafi. Bai ba shi tsabar kuɗi ba, kuma tsabar kuɗi ita ce hajarsa. Ranar kasuwa tun da sassafe manoma da masu dabbobi za su zo da alat a waya suna son kuɗi a hannu, jakarsa ta ƙare kafin azahar, asusunsa kuma ya cika da kuɗin da ba zai iya taɓawa ba. Mai dabara ba ya rufe tebur ya nufi banki. Ya riga ya ƙulla da mai gidan mai, da dilan hatsi, da mai kantin kayan masarufi, mutanen da tsabar kuɗi ke taruwa a hannunsu kuma suke tsoron kwana da ita ko hawa mota da ita. Ya tura musu ta waya, su miƙo masa takardu, wani lokaci da ɗan ihsani a tsakani. Haka kuɗi ɗaya za su zaga sau uku ko huɗu a yini ba su bar garin ba. Babu littafin ƙa'idar kamfanin da ya koya masa wannan. Ya san lungun da sabis yake kamawa da wanda ba ya kamawa. Ya san tsohuwar da ɗanta yake aiko mata da kuɗi daga Legas ko Fatakwal kowane wata, ya san ba ta iya karanta saƙon waya, don haka shi ke karanta mata, kuma a kan wannan amanar ce ta ƙi zuwa teburin da ke kusa da gidanta. In tiransifa ta maƙale, an cire wa mutum kuɗi ba su iso ba, shi ke yanke hukunci nan take ko ya biya daga aljihunsa ya jira kamfani ya warware, ko ya ce a dawo gobe. Wanda ya san iyayensa zai biya. Baƙon da ya sauko daga mota sai ya jira. Wannan auna mutane da ɗaukar kasada shi ne ainihin aikin ɗan kasuwa, kuma a nan ne wani tebur yake cika wani yana hamma, alhali na'urarsu iri ɗaya ce.

Haka abin yake ga dilan taki da maganin feshi. Kamfani buhu mai kilo 50 yake ɗinkewa, manomin da gonarsa ba ta kai kadada ba kuwa ba shi da kuɗin buhu a watan Yuni. Dila ya farke buhu ya auna a tiya da mudu, ya ba wanda ya yarda da shi bashi zuwa kaka, wani lokaci a biya shi da gero ko masara ko wake, ya ajiye ya sayar da bazara. Ya zama mai ba da rance kuma ɗan kasuwar hatsi a lokaci guda. Masu tireda sun daɗe suna ƙulla sukari da omo da man gyaɗa a leda daidai kuɗin talaka, kuma da kamfanin Promasidor ya fito da madarar Cowbell a ƙananan ƙunshi a Najeriya a 1993, hanyar da suka riga suka share ya bi.

Sai dai akwai gefen da ba a cika faɗa ba idan ana yabon wannan tsari, wato wanda ke ɗaukar duka in abu ya lalace. Ruma ta ga wannan da idonta. A ƙarshen watan Agusta 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a dokar daƙile 'yan bindigar da suka yi sansani a dajin Rugu da kewayensa. Aka hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana. Aka hana sayar da fetur a jarka. Aka ce gidajen mai biyu kaɗai za su yi aiki a kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa, kuma kada su ba mai mota fiye da man naira 5,000. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Dalilin gwamnati a fili yake, kuma mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa aka kore musu shanu sun fi kowa son a ga bayan ɓarayin daji. Amma na'urar POS ba ta aiki sai da sabis, katin waya ba ya sayuwa inda waya ba ta shiga, gidan man da ba ya cikin biyun da aka zaɓa kuwa sai dai a ɗaure famfo. Kamfanonin da sunansu ke kan alluna sun rasa ɗan ƙaramin kaso na cinikinsu na ƙasa baki ɗaya. Wakilansu na Batsari da Runka da Wagini sun rasa abincinsu na tsawon watanni, kuɗin haya da na makarantar yara kuma ba su tsaya ba. Wasu sun kwashe na'urorinsu sun koma inda sabis yake, wasu sun cinye jarin.

Dilan mai ya sake shan irin wannan a 2023. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, lita tana ƙasa da naira 200, wato tanka mai lita 33,000 kuɗinta bai fi miliyan 6 da ɗoriya ba a farashin famfo. Cikin kwanaki lita ta haura naira 500, tankar nan ta wuce miliyan 16. Wanda jarinsa na tanka ɗaya ne ya wayi gari da kuɗin da bai kai rabinta ba. Manyan 'yan kasuwa masu gidajen mai da yawa da ƙofar banki a buɗe sun jure. Ƙaramin dila a garin da ke nesa da dafo sai ya haɗa kuɗi da wasu a raba tanka, ko ya ba da hayar gidan man, ko ya rufe.

Ba za a yi adalci ba in aka nuna kowace dabara ta wakili alheri ce. Lokacin sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wanda gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar a Oktoba 2022, tsabar kuɗi ta yi ƙamfa a farkon 2023, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A waɗancan makonni masu POS da yawa sun mayar da naira haja, suna caji ninkin ba ninkin. Wasunsu su ma sayen kuɗin suke yi da tsada, wannan gaskiya ne, amma wasu cin kasuwa kawai suka yi a kan matan da ke neman na cefane. Irin wannan ne mai gidan man da ke taɓa lita, ko ya rufe famfo da rana ya sayar wa 'yan bumburutu da dare, da dilan da ke yi wa taki algus da yashi ya sake ɗinke buhu, da mai sayar da maganin feshi na jabu a kwalbar kamfani. Duk waɗannan wayo ne, kuma duk suna cin sunan da ba nasu kaɗai ba. Manomin da takin algus ya kashe wa gona ba dila ɗaya zai tsana ba, tambarin zai tsana, dila mai gaskiya a garin gaba ya biya bashin da bai ci ba.

Mr Bigg's misali ne na abin da sakaci da wannan yake jawowa. UAC ta buɗe shi a Legas a 1986, ya zama gidan abincin zamani da ya fi kowane yawan rassa a Najeriya, yawancinsu a hannun masu jari. Da aka wayi gari abincin wani reshe ya bambanta da na wani, tsafta ta dogara da halin mai wurin, ga sababbin abokan gasa irin su Chicken Republic da suka shigo a 2004, masu saye suka janye. A 2013 UAC ta sayar da kashi 49 cikin 100 na harkar ga kamfanin Famous Brands na Afirka ta Kudu. Masu sharhi da dama sun sa raunin sa ido a kan rassa cikin manyan dalilan faɗuwar.

Saboda haka maganar ba ta a saki wakili ko a ɗaure shi ba ce. Akwai abubuwan da bai kamata ya taɓa ba ko kaɗan: ma'auni, ingancin kaya, kuɗin mutane da ke hannunsa, da sirrin asusunsu. Akwai kuma waɗanda shi ya fi kamfani saninsu: lokacin buɗewa da rufewa, wanda za a ba bashi, girman ƙunshi, inda za a kafa tebur, yadda za a samo tsabar kuɗi. Kamfanin da ya san aikinsa yana tsananta wa na farko, ya sakar masa mara a na biyu. Abin takaici, a ƙauyukanmu sau da yawa akasin haka ake gani. Ba mai zuwa ya duba lita ko ya buɗe buhu, amma ga sharaɗin yawan cinikin da dole wakili ya kai ko a karɓe na'ura, sharaɗin da aka tsara shi da birni a zuciya.

Dokokin Babban Banki na 2024 da 2025 sun ƙara fito da wannan a fili. A Disamba 2024 aka iyakance abin da mutum ɗaya zai cira a wurin mai POS zuwa naira 100,000 a rana, shi kuma wakili kada ya fitar da fiye da miliyan 1.2 a yini. A 2025 aka umarci a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, aka kuma fitar da ƙa'idar cewa wakili ya tsaya ga kamfani ɗaya. Manufar tana da kyau, kuma mutanen Ruma sun fi kowa sanin dalilinta, domin sun san yadda kuɗin fansa da na damfara ke bi ta hannun ɓata-garin wakilai. Amma a kasuwar da sa ɗaya ya haura naira 100,000 sau da yawa, iyakar nan tana nufin mai saniya ya zaga tebur biyar kafin ya haɗa kuɗinsa. Wakilin da yake bin kasuwannin mako, yau Batsari gobe wani gari, tsarin cinikinsa ne gaba ɗaya dokar ɗaure na'ura ta shafa. Wanda yake riƙe na'urori biyu na kamfanoni daban kuwa ba don kwaɗayi yake yi ba, don ya san sabis ɗin ɗaya zai ɗauke ana tsakiyar ciniki ne. In za a hana shi ta biyu, wajibi ne kamfanin da ya rage ya ɗauki alhakin ranar da na'urarsa ta ƙi aiki, ya mayar da kuɗin da suka maƙale cikin sa'o'i maimakon kwanaki.

Abin da ya raba Lou Groen da mai POS na Safana ba basira ba ce. Groen yana da hanyar da maganarsa za ta kai kunnen shugaban kamfani, har a ware rana a gwada shawararsa. Wakilin Safana yana da lambar ƙorafi da jami'in yanki wanda aikinsa raba na'urori da cika adadi. Kamfanonin suna ganin kowace naira da ta ratsa na'urarsa, amma ba su da labarin yarjejeniyarsa da mai gidan mai, ko dalilin da ya sa ciniki ke tashi bayan an girbe rogo da dankali ya kuma kwanta da damina ta yi tsakiya. Da sun tambaya, da sun tsara rancen jari mai bin kalandar noma, da inshorar kuɗin da ke hannun wakili a yankin da ake tare hanya, da sassaucin sharaɗi a duk lokacin da gwamnati ta rufe kasuwa ko ta katse sabis. Ƙungiyoyin masu POS da na dilolin taki da na dillalan mai suna nan a Katsina, kuma su ne ya kamata su zauna da kamfanoni da Babban Banki a kan waɗannan buƙatu uku, su kuma fara hukunta masu algus da ke cikinsu kafin hukuma ta zo.